Amsar da Ba Tawa Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan. Yaya ƙafar Mama? Yaya 'yan biyuna da na bar miki? Allah ya saka miki da alheri.

Ni kam ina cikin wani hali. Shekara goma sha huɗu ina koya wa yaran firamare karatu, yau ga ni a jami'a karatu ya gagare ni. Kwas ɗin ra'in adabi ne, wanda na faɗi bara. In na sake faɗuwa hutun karatuna ya ƙare, sai in dawo hannu rabbana.

Malaminmu, Dakta, ya ce ma'ana ba ta cikin littafi, ba ta kuma hannun marubuci. Wai mai karatu ne ke ƙirƙirar ta, ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Na ɗaga hannu na ce, to da me zai auna amsoshinmu? Aji ya kwashe da dariya, yaran da na kusa haifa! Shi kuwa cewa ya yi in ƙara karatu.

Na ƙara, Yaya. Shafi ɗaya na maimaita sau tara a laburare. Kowace kalma na duba ƙamus na gane ta, amma da na haɗa su sai su zube kamar ruwa a kwando. Na kifa kai a tebur ina kuka har mai kula da laburaren ta miƙo mini hankici.

Saura mako biyu jarrabawa. Kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ƙafar Mama ta yi sauƙi. Ki shafa mini kan yaran.

Sakamako ya fito: ni ce ta ɗaya. Kada ki yi murna tukuna. Da na ga ba mafita, shafi shida na haddace daga littattafai uku, na juye su a takarda kamar aku. Wallahi ko jimla ɗaya ban san me take nufi ba.

Shekaranjiya Dakta ya kira ni ofishinsa, har da ba ni kujera. Ya ce rabonsa da ganin ɗaliba mai zurfin fahimta irin tawa ya daɗe, don haka ranar Litinin zan tsaya gaban 'yan aji uku, su saba'in, in warware musu ra'in. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina godiya.

In na yi shiru, ranar Litinin tambaya ɗaya ta isa ta tona ni. In na faɗa, ban san me zai yi da makin ba. Jiya sau biyu ina zuwa ƙofarsa ina juyawa.

Gobe da safe zan koma, kuma wannan karon sai na ƙwanƙwasa. In kin gan ni da akwatina, don Allah kada ki tambaye ni komai a gaban yaran.

Taki har kullum,
Auta