Kada A Dafa Gahawa A Makokina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ce Wadha 'yar Salama, wadda mutanen Karak suka sani da Ummu Miflih. Da hannuna nake wannan rubutu, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya ce hantata ta gaji. Ni da ban taɓa kai giya bakina ba, ni ce hanta za ta kayar, wanda ya sha ta ya kashe mini 'ya kuwa yana nan da tasa lafiya lau. Zuwa gare ku 'ya'yana, Miflih da Gazi da Rasmiyya.

Na ɗaya. Gida da gona ku raba su yadda Allah ya raba. Amma itatuwan zaitun na gangare, waɗanda ƙanwarku Hiyam ta dasa, ba na sayarwa ba ne. Duk shekara a matse mansu a bayar sadaka da sunanta.

Na biyu. Miflih da Gazi, gabar nan da ke tsakaninku ta ishe ni. Gazi, na san inda ka ɓoye bindigar ubanku, ka miƙa ta ga hukuma. Ba tausayin Nayif ɗan Dakilallah, wanda ya kashe Hiyam, nake ji ba, Allah ya sani. Harsashi sauƙi ne gare shi. So nake ya zauna a kurkuku ya cinye wa'adinsa tas, uwarsa ta riƙa tsayuwa a rana a bakin ƙofa da kwanon abinci, yadda nake tsayuwa a maƙabarta. Kai kuma Miflih, na san kujerar majalisar gari kake hange, kuma ƙuri'un dangin Nayif na da yawa. Kada ka saye ta da jinin ƙanwarka.

Na uku. Ku riƙe yadda abin ya faru, don wata rana za a ce muku ƙaddara ce. Da rana tsaka ne. Hiyam ta taso daga makarantar da take koyarwa, tana gefen titi da jakar littattafai. Nayif kuma ya taso daga walimar biki, ya cika cikinsa da mansaf, shinkafa da naman rago, ya bi da kwalba, ya hau mota ya bi ta kanta. Mutanen da suka fito da shi daga motar sun ce dariya yake yi, yana tambayar abin da ya taka.

Na girmi dokar nan ta hana tuƙi cikin maye, na ga girmanta. Ina yarinya, ɗan sanda ba shi da na'ura sai hancinsa, kuma hancin yakan toshe in ya ji sunan uban direba. Daga baya aka kawo bututun da ake hurawa, aka ƙara tara, aka ce za a ƙwace lasisi. Ubanku, Allah ya jiƙansa, har tafi ya yi a gaban talabijin. Ba zan ce bai yi amfani ba, 'ya'yan talakawa sun ji tsoro. Sai dai dokar na da ƙofar baya, kuma mu ne masu gadinta: in dangin wanda aka cuta suka yafe haƙƙinsu, alƙali ya sassauta. Kafin Hiyam, Nayif ya taɓa buge wani makiyayi ya karya masa ƙugu. Dattawa suka je sulhu, aka yafe, aka sha gahawa, ya koma kan sitiyari. Wannan gahawar ce ta kashe mini 'ya, kuma har yau ban iya gaisawa da makiyayin ba.

Na huɗu. Kun tuna ranar da tawagar sulhu ta zo mana, Hajji Awwad kawun Nayif a gaba, motoci har bakin masallaci. Aka zuba masa gahawa, ya ajiye finjalin a ƙasa kamar yadda aka saba, ba zai sha ba sai an biya masa buƙata. Ya yi ta jero ayoyi. Miflih, daga bayan labule na ga leɓenka ya fara motsi. Shi ya sa na shigo zauren maza, abin da uwata ba ta taɓa yi ba, na ce, “Hajji, gahawarka ta huce, ka tashi.” Ya ce, “Ummu Miflih, mace ba ta mayar da tawaga.” Na ce masa ba namiji ne ya yi naƙudar Hiyam ba. Liman ya biyo ni cikin gida yana cewa yafiya ta fi lada. Na ce masa na sani, amma Allah da ya ce ta fi, bai ce dole ba.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Awwad jiran mutuwata yake, matarsa ma ta faɗa a gidan biki. Zai zo ta'aziyya da dattawansa, ba kuwa mai korar mai ta'aziyya. Mai zuba gahawa zai bi sahu ya miƙa wa kowa. Awwad zai karɓa, ya ɗaga finjalin yadda kowa zai gani, ya kurɓa. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ya sha gahawa a gidan ubanku Abu Miflih, magana ta mutu. Kunya za ta hana ku musantawa, daga nan sai sa hannu a kotu, Nayif ya fito.

Don haka kada a dafa gahawa a makokina. Ko ƙwaya ɗaya kada a soya. A ba mutane ruwa da dabino. Za a ce 'ya'yan Wadha marowata ne, sun binne uwarsu ba gahawa, za a yi ta faɗa har jikokinku. Ku haɗiye. Wanda ya tambaya, ku ce masa wasiyyar tsohuwa ce, ya je kabarina ya yi ƙorafi.

Na shida. Rasmiyya, butar gahawar ubanku ki kulle ta a ɗakinki har a tashi daga makoki, don na san matan 'yan'uwanki da jin kunyar baƙi. Finjalin Awwad kuma yana cikin akwatina, ban wanke shi ba, gahawar ta bushe a gindinsa. Ke na bar wa, don ke kika wanke gawar Hiyam tare da ni, kin ga abin da mota ta bari.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su dawo gida da ƙafafunsu. Ku haɗa kanku, ku riƙa cin abincin Juma'a a faranti ɗaya, kada Awwad ya samu tsaga a tsakaninku. Ranar da Nayif ya cika wa'adinsa ba a rage masa ko yini ba, ku taru ku uku a ƙarƙashin zaitun ɗin Hiyam. Rasmiyya ta wanke finjalin, Gazi ya dafa gahawa, Miflih ya zuba, ku sha da shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ku fasa shi a kan dutse. Shi kuwa Awwad, ya mutu da ƙishinta.