Ƙarar da Na Kai Sista Justina

Litinin, 6 ga Maris, 1978
Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin ƙanwata Azumi. An ci waina, an shafa fatiha, an watse. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Malama Zahara'u, haƙuri, kwana ne ya ƙare." Ban ce ba kwana ba ne. Amma na ga abin da na gani.

Bari in rubuta tun ban fara mantawa ba. Ƙanwata ta haihu, jini ya zuba da yawa, fitsari ya ɗauke. Muka ɗauke ta daga Gwaram zuwa asibiti a Birnin Kudu. Likitan, wani Ba'indiye, ya ce ƙoda ce ta tsaya, za a yi mata wanki ta ciki: a zura roba ƙasan cibiya, ruwan kwalba ya shiga, ya fito da dauɗar. Ya ce in an kiyaye tsafta ƙodar za ta farfaɗo. Nas ɗaya ce ta iya aikin, Sista Justina, wai a kudu ta koyo, shi ya sa take tafiya kamar da kuɗinta aka gina asibitin. Ran nan da hantsi ta miƙa wa Tani mai shara kwalbar ta ce ta canza, ta fice da sauri. Da hannun da Tani ta ajiye tsintsiya ta kama robar. Ina zaune a wurin. Daga nan cikin Azumi ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, shi ke nan.

Juma'a, 17 ga Maris
Na gaya wa Baba zan kai ƙara. Ya ce a gidanmu ba a taɓa shari'a da mutuwa ba. Na ce ai da Justina zan yi. Ɗanbala, mijin marigayiya, kuka kawai ya iya. Ƙato da gemu. Jaririyar ma ni ya bar wa.

Asabar, 8 ga Afrilu
Na ga lauya. Hambali sunansa, daga Kano yake zuwa Birnin Kudu duk mako a wata farar Fijo. Kwat cikin wannan zafi, gumi har cikin kunne. Rabin maganarsa Turanci, kamar ni ban yi kwalejin horon malamai ba. Ya ce likitan ya gama kwangilarsa ya koma ƙasarsu, ma'aikatar lafiya kuwa shari'a da ita sai mai tsawon rai, saboda haka nas ɗin za mu kama. Ban so shi ba. Amma ba aurensa zan yi ba.

Laraba, 10 ga Mayu
Matan unguwa sun daina aiko mini yara karatun yamma. Wai na yi boko har na fi ƙarfin ƙaddara. Su da ko sunan maganin da ake ɗura musu ba sa tambaya.

Alhamis, 22 ga Yuni
Zaman farko. Motar Gwaram ta kafe a laka wajen Sundimina, na isa kotu da taɓo har gwiwa, aka ce an ɗage. Na hango Justina a baranda, farar riga, farin takalmi, ita da mijinta Bernard mai gyaran rediyo. Ba kowa daga asibiti. Waɗanda ke rusuna mata a ɗakin marasa lafiya duk sun ɓace. Matsorata. Ita ma ba ta sunkuyar da kai ba, ko kunya.

Talata, 4 ga Yuli
An sake ɗagewa. Alƙali ya tafi taro.

Talata, 19 ga Satumba
Na ba da shaida. Lauyan Justina, wani tsoho mai tari, ya tambaye ni ko na san aikin jinya. Na ce a'a, amma na san tsintsiya. Mutane suka yi dariya, alƙali ya buga tebur.

Aka kira Tani. Ta ce ita ba ta san komai ba, abin da aka sa ta ta yi. An riga an kore ta ma, ban sani ba sai yau.

Sai Justina. Hambali ya shirya mata tarko iri-iri, duk a banza, don tambayar farko ta amsa. Da Hausarta mai karkacewa ta ce, "E, na ba ta kwalbar. Bai kamata ba." Ya ce to me ya fitar da ita? Ta ce an kawo wata mata daga Surko jini na zuba, kuma ranar ita kaɗai ce nas a ɓangaren mata. Ta ce ta duba biyun, ta zaɓi wadda za ta riga mutuwa.

Ta zaɓa. Ji fa. Kamar tumatir a kasuwa.

Hambali bai tambayi abin da ya sami matar Surko ba. Ni ma ba ruwana.

Alhamis, 12 ga Oktoba
An yanke. Sakaci ne, in ji alƙali, za ta biya diyya, asibiti kuma ya dakatar da ita. Hambali yana ta washe baki kamar shi aka yi wa rasuwa aka rama masa. Ya ce saura mu kai kuka hukumar nas-nas ta Ikko a ƙwace mata lasisi, kada ta sake taɓa majinyaci har abada. Wai sai na je ofishinsa na sa hannu tukuna. Na ce zan zo.

Na dawo na gaya wa Baba mun yi nasara. Ya ce, "Mu wa?" Ya ci gaba da gyaran igiyar shanu.

Litinin, 6 ga Nuwamba
Hapsatu, matar maƙwabcinmu Buba, ta haihu ranar Laraba, irin ciwon Azumi ya same ta. Sun kai ta Birnin Kudu. Buba ya dawo neman mota ya ce akwai sabon likita, robar ma tana nan, kwalaben suna nan, amma ba nas ɗin da ta yarda ta taɓa. Ɗaya ta ce masa ita tana da 'ya'ya, ba za ta je kotu ba, su tafi Zariya. Manyan mata da farar hula, an biya musu karatu da kuɗin gwamnati, sun tsaya suna kallon mutum. Wai ni suke tsoro. Ni malamar aji uku.

Buba bai ce mini komai ba. Da ma ya zage ni.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Ba su kai Zariya ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Ban je gaisuwa da rana ba, sai da mutane suka ragu. Uwar Hapsatu ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowa. Ba wanda ya ce kwana ne ya ƙare, a gabana dai.

Hambali ya aiko in je in sa hannu. Na ce ina da baƙi.

Talata, 5 ga Disamba
Na je Birnin Kudu karɓo alli da littattafan makaranta. A bakin tasha, a shagon Bernard, na ga Justina zaune kan benci da zanen atamfa tana jera batura. Ta rame. Ba don tsayinta ba da ban gane ta ba. Na yi niyyar wucewa, ita ta fara gaishe ni. Ta ce, "Malama, yaya jaririyar?" Na ce lafiya, ta fara rarrafe. Ta ce Allah ya raya. Na ce amin. Me zan ce?

Har na juya, bakina ya tambaye ta matar Surko. Ta ce tana nan, wani lokaci takan aiko mata da gyaɗa.

Ofishin Hambali yana bayan tasha, Fijonsa a ƙofa. Na duba kayan da ke kaina, sun yi nauyi, motar Gwaram kuma ta kusa cika. Ikko ba gudu za ta yi ba. Yaran ma jarrabawa za su fara, sai an gama tukuna. In an gama kuma na ga yadda hutu zai kasance.