Akwatin da Na Kira Tatsuniya

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

An daɗe ana cewa wai akwai wani ɗan akwati da ake maƙalawa kusa da kontar kuran, wato mitar lantarki, idan wuta ta kama mutum sai ya yanke ta kafin a ƙifta ido. Na ji a tashar Gidan Rumji, na ji a ƙofar masallaci. Ni da na girma a gaban kaka mai tatsuniya, na ce wannan ma Gizo ne ya ƙera shi.

Yau kwana hamsin da rasuwar matata Habi. Wayar shanya ce ajalinta. Ni na ɗaura ta da hannuna a ƙarfen rumfa, ashe kuran na sulalewa cikin ƙarfen. Ta fito da jiƙaƙƙen zane bayan ruwan sama, ba takalmi. Tun ranar na sa aka kashe wutar gidan.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ɗiyata Rukaiya ta kira. "Baba, ko a gyara wutar nan yadda ya kamata, ko ka tattaro ka dawo wurinmu Maraɗi. Zaɓi ɗaya." Muryar uwarta sak. Na ce in na tafi wa zai ba kajin Habi tsaba? Ba kajin ba ne.

Asabar, 12 ga Oktoba

Safiyanu mai gyaran wuta ya zo a kan babur. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. "Baba, wa ya yi maka wannan aiki?" Na ce wanda ya yi yana gabanka, rage tsakin. Ya sunkuyar da kai. Akwatin gaskiya ne, ga shi a jakarsa, bai kai tafin hannuna ba. Sunansa na Faransanci ya ƙi zama a bakina.

Talata, 15 ga Oktoba

In ji Safiyanu, wai sai an kafa ƙarfe cikin ƙasa mai laima, an zuba gawayi da gishiri, don kuran da ya ɓace hanya ya samu wurin gudu. Na ce malam, aikin wuta ka zo yi ko binne asiri? Ya yi dariya.

Ya zagaya gidan, bai ga laima ba sai gindin zogalen Habi, inda take zubar da ruwan wanki. Gishiri bai isa ba. Na shiga madafarta, karo na farko. Gwangwanin gishirin na nan, da cokalinta a ciki.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ya gama, ya kunna. Na ce, "Safiyanu, da akwai wannan ranar nan, da ta tsira?"

"Baba, in kwana ya ƙare..."

Na ce liman na da gidansa, na san hanya. Mai wuta nake tambaya.

Ya miƙa hannu kan akwatin. Ya danna ɗan maɓallin gwaji. Ƙas! Fanka ta tsaya. Iyakar abin ke nan. Ƙas.

Da zai tafi ya ce in riƙa zuba ruwa a kan ramin idan rani ya shigo, kada ƙasar ta bushe.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban iya cin tuwo ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Rani bai shigo ba, amma kullum a gindin zogalen nake alwala. Don ƙarfen ne.

Rukaiya ta zo jiya, ta wanke mini riguna, ta tsaya da bokiti tana kallona. Na ɗaura mata igiyar kaba daga zogale zuwa katanga. Ba ta tayar da maganar Maraɗi ba. Fitilar madafa na bari a kunne, mantuwa ce.

Akwai abin da ban rubuta ba a farko. Tasha da masallaci ba su ne ƙarshe ba. Mako guda kafin ranar, an dawo daga wani suna, aka zauna kusa da ni ana kwance ɗankwali. "Malam, wayar nan tana ɗan cizona in hannuna da ruwa. Mata sun ce akwai wani akwati..." Na ce ƙurunƙus, tatsuniya ta ƙare, kawo fura.

Ta yi dariya, ta kawo.

Habi ce ta faɗa mini na ƙarshe.