Keken da Likita Ya Ce

Funtuwa, 4 ga Mayu

Ƙanwata Humaira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki da sauƙi. Na rubuto ne tunda kunnenki ya daina ɗaukar waya. Na kai wa likitan Zariya sakamakon ɗan naman da suka yanka a cinyarki. Ya ce a cikin tsokar kowa akwai wasu 'yan murhuna da ido ba ya gani, su ke mai da abinci ƙarfi, naki da yawa ba sa kamawa. Gado ne, kuma ba ya warkewa. Yana sauri ya ce a nemo miki keke. Ga shi nan a motar Kamalu direba. Ki gai da Gwaggo.

Yayanki,
Lawal

Malumfashi, 29 ga Mayu

Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa da ladabi, keken guragu ya iso, Allah ya saka da alheri. Gwaggo ta sha kuka, sannan ta dasa ni a ciki kamar dashen albasa. Ko buta ba ta bari in ɗauka. Amma Yaya, tsoro nake ji. Kafin keken nan ina kai raka'a ɗaya a tsaye kafin in zauna, yanzu kabbarar farko ma ƙafafuna rawa suke. Ban roƙi gudu ba, in tsaya gaban Ubangijina kawai nake so.

Taka,
Humaira

Funtuwa, 6 ga Yuni

Humaira,

Ina gaisuwa cikin kunya. Na karanta wa likita takardarki, ya dafe kai. Ashe keken takawa yake nufi, ni da kaifin basirata na sayo na zama. Ya ce zaman ne ke cinye ki. Wai tsoka in ta ga ana nemanta da aiki, da kanta take ƙara gina murhunan nan, ko ta mai ciwo irin naki. Ki fara da minti biyar, ki tsallake kwana, in ƙirji ya ɗaure ki sauka. Ki yafe mini.

Lawal

Malumfashi, 2 ga Satumba

Yaya mai basira,

Ina gaisuwa. Tsohon keken da Baba yake kai masara kasuwar Bakori da shi, shi kafinta ya ɗage wa ƙafar baya a kan katako, ƙarƙashin dalbejiya. Makon farko na yi amai. Gwaggo ta rantse kashe ni za ku yi, yanzu kuwa ita ke tsare mini lokaci da carbinta. Na kai minti ashirin.

Jiya na dafa cinyata na ji ta da tauri. Wata uku ina tafiya ban bar gindin dalbejiya ba, ashe a cikin naman nan ana ta gini ban ji ko ƙarar guduma ba. Kunnen yana nan yadda yake, fatar idona da ta sauko ma ba ta ɗagu ba, na san ciwon bai tafi ba. Amma wanda ya ɓoye wannan a jikin da na fid da rai da shi, ya isa a ji tsoronsa. Ban gwada tsayuwar ba tukuna, ina tsoron in faɗi.

Ƙanwarka,
Humaira

Malumfashi, 20 ga Satumba

Yaya,

Salamu alaikum. Yau na yi Asuba a tsaye, raka'a biyu cif. Naka keken kuma Gwaggo na shanya kuɓewa a kai.

Humaira