Faifan Ɗora Kofin Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso ranar Talata. Yaya, ke ma fa! Ina zaton maganin ƙarin jini kika aiko wa Baba, ina buɗewa sai ga ɗan faifan yumɓu kamar tafin hannu, wai na ɗora kofi. Na karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin, na yi dariya har da ƙwalla. Wai a ɗora kofi a kansa minti uku, sai ya gyara ƙwayoyin ruwa, ya kashe ɗaci, ya fito da zaƙi. Shekara sha ɗaya ina koyar da kimiyya ban taɓa jin ƙwayar ruwan da ta lalace ba, balle a gyara ta. Bai dai fashe a hanya ba, tsohon ɗankwalin da kika naɗe shi a ciki ya yi aikinsa, na jefa shi kwandon wanki.

Game da Baba, ba zan ɓoye miki ba, jiki ya yi nisa. Tun rasuwar Mama komai aka kai bakinsa cewa yake takarda yake taunawa. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗanɗana ganyen shayi a kamfani, wanda kurɓa ɗaya yake yi ya gaya miki buhun da ya sha damshi, yau bai san sukari da gishiri ba. Agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa. Likita ya ce harshen lafiya lau, amma in nauyinsa ya ƙara raguwa zuwa ƙarshen wata, za su kwantar da shi su sa masa robar abinci ta hanci. Kin san Baba, wannan kaɗai ya isa ya ƙarasa shi.

Don kada ki ce na raina kyautarki, jiya da safe na ɗora masa shayinsa a kan faifan. Ya ɗauka, ya kai baki, sai ya tsaya cak. Ya daɗe riƙe da kofin a gaban fuskarsa, sannan ya shanye tas, ya nemi biredi. Matata ta saki cokali a ƙasa. Ni dai na ce dace ne, yunwa ce ta kai masa karo.

Ƙaninki,
Sarkin Gardama

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki, kuma na ji gorin. Ki yi dariyarki, kin ci.

Kin san halina, ban iya barin abu a duhu ba. Ranar Asabar na shirya gwaji irin wanda nake sa ɗalibaina. Kofi biyu iri ɗaya, shayi daga buta ɗaya, sukari cokali ɗaiɗai. Na zaunar da Baba a falo ya ba kicin baya. Ɗaya na ɗora a faifanki minti uku, ɗaya a kan tebur minti uku, sannan matata ta kai masa a tire, ita ma ba ta san wanne ne wanne ba. Sau goma sha biyu muka yi a kwana uku. Yaya, sau goma sha biyu yana nuna na faifan. Ko sau ɗaya bai kuskure ba, bai ma yi jinkiri ba. A na ƙarshe sai na zauna a kan buhun shinkafa ina kallon ɗan yumɓun nan kamar zai yi magana.

Na kai shi makaranta. Na auna zafin shayin, ɗaya ne. Na kanga masa maganaɗisu, shiru. Na ba malamai shida suka kurɓa, uku suka ce wannan, uku suka ce wancan, wato ba su ji komai ba. Ni ma na sha har cikina yana ƙugi, shayi ne dai kamar kowane shayi.

Sai na ce bari in sayo na biyu saboda tsaro, kada wannan ya faɗi ya fashe. Na samu a babban kanti, kamfani ɗaya, kwali ɗaya. Da na ɗora masa shayi a kan sabon, Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin, ya ce wannan jabu ne, a mayar masa da nasa. Ta yaya ya sani? Na jera su a gabana, ni da na sayo ban iya bambance su ba sai da na yi wa sabon alama da biro.

Abin da zai faranta miki shi ne yana ci. Da shayin yake tura komai, jiya har ƙwai biyu. Ni kuwa kaina ya ɗaure, kuma wallahi abin ya fara ba ni tsoro.

Naki,
Sarkin Gardama da gardama ta ƙare wa

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Mun je asibiti ranar Laraba. Ya ƙara kilo biyu, likita ya ce a manta da zancen roba. Alhamdulillahi.

Da muka dawo, matata tana gyara durowa sai ta miƙo mini ɗankwalin da kika naɗo faifan, a ninke cikin leda. Ashe tun ranar ta tsame shi daga kwandon wanki, don ta gane na Mama ne, mai ruwan ƙasa ɗin nan da take ɗaurawa in za ta shiga kicin. Ni ɗan da ta haifa ban gane ba, kunya ta kama ni. Na buɗe ledar, sai ƙamshin ya buge ni: man zafin da take shafa wa gwiwoyinta, da sabulunta mai lemo.

Nan take na tuna kin ce wata biyu faifan ya yi a naɗe a akwatinki kafin ki sami mai kawowa. Yumɓu ne marar fenti, yana shan ƙamshi yadda yake shan ruwa. Na ɗora masa kofi mai zafi, na jira, na ɗaga kofin na kai hancina gindinsa. Yaya, yana nan. Kaɗan ne ƙwarai, in ba ka san abin da kake nema ba ba za ka ji ba. Abin da ya wuce malamai shida da ma'aunina, shi hancin Baba yake kamawa a gindin kofi. Shekara arba'in Mama ta yi tana miƙa masa shayi da hannun nan nata mai man zafi, mu kuma muna ta canza masa ganye muna ƙara sukari. Ikon Allah! Ina koya wa yara yadda hanci yake aiki, ashe ban san komai ba.

Na je ɗakinsa ina ta kame-kame, na gaya masa. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce tun kurɓar farko ya sani. Na tambaye shi me ya sa ya bar ni ina ta wahala da kofuna. Ya ce ya san ɗansa, da ya faɗa, da na wanke faifan da sabulu don in tabbatar. Kuma gaskiyarsa, da na wanke. Sannan ya ce ƙamshin ya fara raguwa, kullum sai ya ƙara matso da kofin. Ya faɗi haka yana kallon taga.

To, tambayar da kika yi mini, ko faifan yana aiki. Abin da ke jikin kwalin ƙarya ce tsagwaronta, wannan ko gaban waye zan faɗa. Amma mahaifinmu yana cin abinci. Yanzu kullum in ya gama shan na yamma ina mayar da faifan cikin ɗankwalin, in ɗaure ledar, da safe in fito da shi.

Ga roƙona. Na san sauran kayan Mama suna akwatinki, kuma kin ce hutun nan za ki fito da su ki wanke ki rabar. Don Allah, Yaya, kada ki wanke ko ɗaya. Ki ɗaure su a leda yadda suke, ki aiko mana ɗaya-ɗaya, kada ki haɗa su a tafiya guda. Ina so su kai mu nesa.

Ki ajiye ɗaya wa kanki.

Ƙaninki mai kewarki,
Auta