Na Sa Hannu da Kaina

Unguwar Hashimi, Suleja.

Zuwa ga Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fama da ruwan Fatakwal. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi, Hamdiyyata ta sauka lafiya, na yi jika mace.

Yaya, maigidana Nata'ala ya ce ka kira shi ka ce kada ya yarda a sake yanka ni. Haba Yaya! Ni mai jikin ba ka kira ba? Wallahi na ji haushi. Tun da aka cire mini kansar dubura bara, ciwon ya tafi, amma riƙe bayan gida ya gagare ni. Likita Omolara ta ce za ta ɗauko wata tsoka daga cinyata ta naɗe wurin da ita, a koya mata riƙewa sannu a hankali. Ba ta yi mini alkawarin komai zai dawo daidai ba. Wai ka ce ni tela ce, in aka taɓa ƙafar da me zan taka keke. Na tambaye ta, ta ce ƙafa ba za ta rasa wannan tsokar ba. Kuma ma wane keke? Wata goma ke nan ban auna kowa ba, don tsoron sunkuyawa.

Ka kuma ce malamai sun ce sallata ta yi, in yi haƙuri. Na sani, Allah bai ƙi ni ba. Amma ba kai ke wanke kunzugunka kana da shekara hamsin ba. Ranar sunan jikar tawa a garin Madalla aka miƙo mini jaririyar a tsakiyar mata, ban gama yi mata addu'a ba na ji abin ya zo. Na miƙa wa ta kusa da ni, na fice ta ƙofar baya, ina kuka har gida. Ko fuskarta ban kalla da kyau ba.

Don haka na sa hannu a takardar asibiti da kaina. Talata mai zuwa za a shiga da ni. Tsoro kam ina ji, ba zan ɓoye maka ba, amma sai na shiga. In za ka zo, bismilla. In ba hali, ka yi mini addu'a daga nan. Izini ne dai ban nema ba.

Ka gaida Anti Mairama da Saifullahi da Rukayya.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Rabi