Goshin Inna Ba Na Saniya Ba Ne

Sakkwato, 4 ga Maris

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Baba da Inna da mutanen Mafara. Yaya jikin Inna?

Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata. Taiba ta kira ni daga Bakura, ta ce Baba zai ɗauko wanzami daga Maradun ya huda kumburin goshin Inna. Kana gidan, amma a bakin ƙanwarmu zan ji?

Na san hujjar Baba. Shekara arba'in yana fasa kan shanu a mahauta, ya ce goshi kogo ne, a huda ruwa ya fita. Gaskiya ne, a saniya. Kogon goshin mutum ƙarami ne, kuma kowa da irin nasa. Ni na kwantar da Inna a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai, a asibitin da nake aiki, ranar 19 ga Fabrairu. Na auna sau uku, don ban yarda da hannuna ba, likita ma ya sake aunawa. Ƙashin da ya raba kogon da ƙwaƙwalwarta bai kai milimita ɗaya ba. Ta ƙasa kuma ciwon ya cinye ƙashin rufin idon hagu. Shi ya sa likita zai yi mata aiki ta hanci ranar 13 ga wata.

Na san a idonku ni yarinya ce mai wata biyar da gama makaranta. To ku raina ni, amma ku jira kwana tara.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi

Sakkwato, 11 ga Maris

Yaya Muttaka,

Bayan gaisuwa da fatan ka isa gida lafiya. Ka ajiye mana Inna ka juya ba ka tsaya mun haɗa ido ba, don haka ga abin da ya faru.

An yi aikin jiya cikin gaggawa, ba a jira ranar 13 ba, awa biyu da minti arba'in. Askar wanzamin ba ta kai ƙwaƙwalwa ba, alhamdulillahi. Amma wurin da aka tsaga ya ruɓe, mugunya ta gangara bayan ido ta danne jijiyar gani kwana huɗu. Idon hagu ya tafi. Na tambayi likita sau biyu ko zai dawo, ya ce a'a.

Taiba ta ce kai ka riƙe kan Inna lokacin tsagar. Na kasa cin abinci tunda na ji. Ni ma ina tuhumar kaina, da na sani da na bar aiki na hau mota maimakon rubutu.

Inna ta farka. Ta roƙe ni kada in ɗaga wa Baba murya idan ya zo gobe, na yi alkawari. Ba ta san komai game da idon ba tukuna, bandeji ya rufe shi. Kai za ka gaya wa Baba kafin ku taso. Ka ce masa idan ya shigo ya tsaya ta hannun damanta.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi